Neman shawara: mai jego na da hawan jini, kakarta ta ce ba fashi sai kunun kanwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana. Ni sabuwar ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Wata yarinya ta yi haihuwar fari a hannunmu, bayan ta sauka jininta ya hau zuwa 150/100, ga ƙafafu a kumbure. An ɗora ta kan magani, aka sallame ta bisa sharaɗin ta dawo awo. Ranar sallama na ji kakarta tana lissafin itacen wanka da kanwar kunu, sai na ce mata a dakata da kanwa da tafasasshen ruwa saboda jinin. Tsohuwa ta dube ni a gaban 'yan barka ta ce, "'Yar nan, ke da me aka yi wa uwarki jego?" Ita kuwa mai jegon kanta a sunkuye, duk abin da na tambaye ta sai "lafiya lau". Ranar awo ba su zo ba. Gobe muna da rigakafi a unguwarsu, ina so in leƙa gidan. Ta yaya zan shiga, kuma me zan ce? Wallahi yarinyar ta tsaya mini a rai.

Tsohuwar nas:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki je, kada ki fasa. Amma barka za ki je, ba wa'azi ba. Ki riƙe ko sabulu ne, ki yi sallama, ki durƙusa ki gaida tsohuwa, ki tambayi kwanan jariri, ki ɗauke shi ki yaba. Na'urar awon jini ta zauna a jaka sai an ba ki ruwa kin sha.

Ki gane abin da ke ranta. A wurinta sanyi ne babban abokin gaban mai jego. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana 40, da kunun kanwa don nono ya kawo, duk gata take yi wa jikarta. Da kika hana a gaban mutane, abin da kunnenta ya ji shi ne ba ta iya riƙon jego ba. To ki keɓe da ita, ku biyu, ki ce, "Iya, taimakonki na zo nema, don ke kike kwana da ita." Ki bar mata wankanta, sai dai a sirka ruwan yadda hannu zai iya zama a ciki. Kunu ma a ci gaba da damawa, na gero da tsamiya ko na gyaɗa, kanwar kawai za a cire, a kuma rage gishiri a farfesu. Idan kika bar mata tara kika roƙi ɗaya, da wuya ta hana ki.

Malamin makarantar jinya:
Abin da Hajiya ta faɗa yana cikin karatunmu. Madeleine Leininger, ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da ta assasa fannin jinya bisa la'akari da al'adu, ta ce al'adar majinyaci wata a bar masa ita, wata a zauna a daidaita, wata kuma a taimaka masa ya sauya ta. Zuwa wanka gida da hutun kwana 40 alheri ne, a ƙarfafa shi. Zafin ruwa a daidaita. Kanwa ga mai hawan jini, wannan dole a sauya, domin tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu kan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta yawansa da kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Amma ƙanwata, kada ki kai wa tsohuwa sunan Bature. Ki tambaye ta ko ta taɓa ganin mai jego ta kumbura tana haki. Kusan kowace tsohuwa ta gani, ita da kanta za ta ba ki labari.

Ungozoma daga Katsina:
Ni batun "lafiya lau" ɗin nan ne ya fi damuna. Haihuwar fari ce, kunya ba za ta bar ta ta yi ƙorafi gaban manya ba, ko ɗan ma ba ta so a ga tana kallonsa. Ki ce za ki duba ta a ɗaki, ki saki labule. Kuma kada ki ce "me ke damun ki". Ki ce, "Da dare kina iya kwanciya flat, ko sai kin jingina da bango? Tari na tashin ki? Kai na sarawa? Kina ganin duhu-duhu?" Ko da kai ne za ta amsa miki.

Wani ɗan'uwa:
Ku yi haƙuri, duk na yarda da lallashi, amma kada ladabi ya cinye lokaci. Idan kika auna kika ga 160/110 ko sama, ko tana haki a zaune, ko ciwon kai mai tsanani, ranar za a tafi babban asibiti, don jijjiga tana iya zuwa ko bayan haihuwa. Sannan ba wanda ya ambaci mijin. Shi zai nemo mota da kuɗi, sau da yawa ma sai da izininsa za a fita. A nemi lambarsa tun kafin buƙata ta taso.

Tsohuwar nas:
Gaskiyarka ɗana. Sai dai mai tambaya ta bi ta hannun wani namiji da suke aiki tare ko mahaifin yarinyar, tunda gidan iyayenta take wanka, kuma surukuta ba za ta bar mijin ya yi ta shige da fice ba. Ki kuma tafi da ungozomar unguwar in da hali, ita tsofaffi ba sa musu da ita.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da ungozomar, ta ce ta san gidan, za ta raka ni bayan azahar. Saura tambaya ɗaya: idan na tarar ta daina shan maganin saboda tsoron kada ya shiga nono, me zan ce wa kakar?

Ungozoma daga Katsina:
Ki duba katinta tukuna ki ga wane aka rubuta mata. Irin su nifedipine da labetalol ana shayarwa da su. Ki gaya wa Iya likita ya san tana shayarwa ya zaɓa, sannan ki damƙa mata maganin a hannunta, ta riƙa ba ta da kanta a lokutan da likita ya rubuta.