Kwalejin Bronx: yadda ake shiga, abin da ake karantawa, da inda ake yin tuntuɓe

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan kowace Juma'a bayan an sallame sai an tayar da maganar nan: yaro ya iso da takardar WAEC ko ta bakaloriya, iyaye na so ya shiga makaranta, kowa kuma da tasa shawarar. Mu tara abin da muka sani a kan Bronx Community College, ta kan titin University Avenue a birnin New York, a wuri guda. Wanda ya san wani fanni ya faɗe shi dalla-dalla, ban da "na ji an ce".

Malam Ɗanjuma:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da asalinta, don sai an san dalilin kafa ta sannan a gane tsarinta. Irin waɗannan kwalejoji na shekara biyu sun samo tushe daga Joliet a jihar Illinois, a 1901. Rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, shi ya yayata manufar a sami kwaleji mai araha kusa da gidan kowa.

Ita ta Bronx an kafa ta a 1957, aka fara darasi a watan Fabrairun 1959 da ɗalibai sama da 100 kaɗan, a tsohon ginin Bronx High School of Science da ke Creston Avenue. Shugabanta na farko Morris Meister, shi ne dai ya fara shugabantar waccan sakandaren. A 1961 aka kafa CUNY, jami'ar birnin New York, kwalejin ta zama ɗaya daga cikin rassanta. A 1970, bayan zanga-zangar da ɗalibai baƙar fata da 'yan Puerto Rico suka yi a City College a 1969, CUNY ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare. Ɗalibai suka yi yawa, wuri ya yi kaɗan. Ana cikin haka jami'ar NYU ta shiga matsin kuɗi ta sayar da harabarta ta University Heights, kwalejin ta koma can a 1973. Shi ya sa za ka ga makarantar talakawa amma da gine-gine irin na manya: ɗakin karatu na Gould mai ƙubba, wanda Stanford White ya zana, da doguwar barandar nan mai jerin mutum-mutumin tagulla na fitattun Amurkawa. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa, a 1976 karatun kyauta ya ƙare a CUNY. Daga 1977 zuwa 1993 Roscoe Brown ne ya riƙe kwalejin, ɗaya daga cikin baƙaƙen matuƙan jiragen yaƙi na Tuskegee a Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin lura a nan shi ne shiga ba wuya, da gangan aka yi ta haka. Fita da takarda a hannu ita ce aikin.

Hajiya Rabi:

Malam ya yi gaskiya, kuma tuntuɓen farko tun wajen cika fom ake yinsa. Digirin shekara biyu iri uku ne: AA, AS da AAS. Galibi kowanne kiredit 60 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), wasu kwasa-kwasan lafiya da injiniya kan ɗara haka kaɗan. Bambancin yana cikin yadda aka raba sittin ɗin. Dokar jihar New York ta ce AA sai da kiredit 45 na ilimin gama-gari, wato Turanci, lissafi, tarihi, kimiyya da makamantansu. AS sai da 30, AAS kuwa 20 kacal, sauran duk darussan sana'a ne.

To ga inda matsalar take. Digirin BA a kwalejin shekara huɗu yana neman kiredit 90 na gama-gari cikin 120, BS kuma 60. Yaron da ya yi AAS ya tafi Lehman ko City College, kwalejojin shekara huɗu na CUNY, da niyyar ƙara shekara biyu, sai ya tarar darussan sana'arsa da yawa an karɓe su a matsayin na cike gurbi kawai, ba su rage masa komai a sabon kwas ba. Shekara biyun ta zama uku. Mai niyyar wucewa gaba ya ɗauki AA ko AS, mai son ya kama aiki da wuri ya ɗauki AAS.

Tun 2013 CUNY na da tsarin da ake kira Pathways: kiredit 30 na bai-ɗaya da duk rassanta ke karɓa. Cikinsu 12 na dole ne (Turanci darasi biyu, lissafi ɗaya, kimiyya ɗaya), 18 kuma ka zaɓa daga rukuni biyar. Wanda ya kammala AA ko AS kafin ya koma babbar kwaleji, an ɗauka ya gama waɗannan, sai ƙarin kiredit 6 kawai za a nema daga gare shi. Wanda ya yi gaggawar tashi ba digirin a hannu, ƙarin nasa 9 ne ko 12. Akwai shafin Transfer Explorer na CUNY, inda za ka sa darasin Bronx ka ga matsayinsa a kwalejin da kake hari. A duba kafin a yi rajista, ba bayan an ci jarrabawa ba.

Ɗan Zango:

Hajiya, a yi mini afuwa, kada a sa yara su raina AAS. Kwas ɗin gyaran mota na nan Bronx AAS ne, kuma a duk CUNY nan kaɗai ake yinsa. Akwai kuma AAS na ɗaukar hoton ƙashi, da aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti, da tsaron kwamfuta. Har kwas ɗin kula da tsirrai akwai, wanda ake yi tare da lambun New York Botanical Garden. Wanda ke da iyali a wuya, haya na jiransa kowane wata, ba lallai ne shekara huɗu ta yi masa ba.

Hajiya Rabi:

Ban raina ba, ƙanena. Cewa na yi a san abin da aka zaɓa. Sauya kwas bayan zango biyu shi ke cinye kuɗin tallafi.

Ɗan Maraɗi:

Ni zan yi magana kan takardu da Turanci. Fom ɗin CUNY ta intanet ake cikawa, guda ɗaya ne ga duk rassa, kuɗinsa dala 65 ga sabon ɗalibi. Mai takardar Faransanci, daga Nijar ko Kamaru ko Chadi, sai ya haɗa da fassarar Turanci ta mai fassara da aka amince da shi, kalma da kalma, tare da kwafin ta asali. Fassarar da ɗan'uwa ya yi a gida ba ta wucewa. Wanda bai gama sakandare ba sai ya fara cin jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin takardar sakandare.

Abin da ya fi jinkirta mutanenmu shi ne suna. A WAEC an rubuta Abubakar Musa, a fasfo Musa Abubakar Sadiq, a katin zama kuma Aboubacar da rubutun Faransanci. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai fayil ya zauna yana jiran takardar da ta riga ta iso. A cika fom da sunan da ke kan katin Social Security harafi da harafi, a kuma rubuta sauran sunayen a gurbin da aka tanada.

Sai allurar rigakafi. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1957, in zai ɗauki kiredit 6 ko fiye, dole ya kawo shaidar rigakafin MMR (ƙyanda, hangum da rubella), na ƙyanda sau biyu, ya kuma cika fom ɗin sanƙarau. In katin yarinta ya ɓata, likita na iya gwada jini ya rubuta shaida. Rashin wannan takarda kaɗai kan sa a toshe rajista.

Wanda Turancinsa bai nuna ba, kada ya yi gaggawar shiga aji. Akwai shirin CLIP, awa 25 a mako na Turanci zalla, da kuɗi kaɗan, kuma ba ya taɓa tallafin gwamnati. Mai rauni a lissafi akwai CUNY Start da Math Start. CUNY ta daina tsoffin azuzuwan share fage marasa kiredit. Yanzu ana sa ɗalibi a darasin gaske a ƙara masa awannin taimako. Hakan ya rage ɓata lokaci, amma darasin ya fi nauyi, don haka kada a haɗa shi da wasu masu wuya guda uku a zango ɗaya.

Yaya Hadiza:

Maganar kuɗi. Mazaunin birnin New York da ke karatu cikakken lokaci an daɗe yana biyan dala 2,400 a zango, mai ɗaukar darasi ɗai-ɗai dala 210 kowane kiredit, baƙo kuma dala 320 kowane kiredit, ban da ƙananan kuɗaɗen na'ura da na ƙungiyar ɗalibai. Kafin a ɗauke ka mazauni sai ka nuna shekara ɗaya a jihar, wata shida na ƙarshe a cikin birnin: takardar haya, ta haraji, ta wuta. Wanda ke zaune a ɗakin kawunsa ba sunansa a kan komai ya fara tara shaida tun yau.

Tallafi biyu ne manya. Pell na gwamnatin tarayya, ta hanyar cika fom ɗin neman tallafi na FAFSA, ga ɗan ƙasa, mai katin zama, ko wanda aka riga aka ba mafaka. Wanda shari'arsa ta neman mafaka ba ta ƙare ba ba ya ciki. Sai TAP na jiha. A nan masu WAEC su buɗe kunne: wanda takardar sakandarensa ba ta Amurka ba ce, ba ya samun TAP sai ya ci wata gajeriyar jarrabawa da ake kira ATB, kuma a farkon zango ake so a ci ta. Da yawa ba su sani ba sai bil ya fito. Yaran da suka yi sakandare a jihar amma ba su da takardun zama, dokar DREAM ta 2019 ta ba su damar neman tallafin jiha.

Yanzu lissafin da ke yaudarar mutane. Kiredit 12 shi ne "cikakken lokaci", sai kowa ya ɗauki 12. Amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa a shekara biyu sai 15 kowane zango, ko ya cike da darasin hutun bazara ko na Janairu. Kowane kiredit kuma awa ɗaya ce a aji da kamar awa biyu ta bita a gida, wato 15 na cin wajen awa 45 a mako. Mai tuƙin dare har asuba ya auna ƙarfinsa. Pell zango 12 ne a duk rayuwa, TAP zango 6 a digirin shekara biyu, kuma darasin da ba ya cikin jerin kwas ɗinka ba a lissafa shi.

Janyewa ma da ƙa'idarta. Kafin ranar farko ana mayar da kuɗi duka, a makon farko kashi 75, na biyu 50, na uku 25, daga nan babu. Mafi muni shi ne a daina zuwa shiru. In ɗalibi ya bar dukkan darussansa kafin a ci kashi 60 na zangon, ana mayar wa gwamnati wani ɓangare na Pell, bashin ya dawo kansa. In tafiya gida ta kama, ta rasuwa ko ta biki, a fara shiga ofishin tallafi kafin a sayi tikiti.

Shirin ASAP, wanda aka fara a 2007, duk wanda ya cancanta ya nema: katin jirgin ƙasa da bas, taimakon littattafai, cike giɓin kuɗin makaranta, da mai ba da shawara da ya san ka da suna. Binciken cibiyar nazari ta MDRC ya nuna kashi 40 na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, sauran kuwa kashi 22. Sharaɗinsa karatun cikakken lokaci.

Anti Zainabu:

Ga masu son aikin jinya, kuma su ne rabin 'yan matanmu. Samun shiga kwalejin daban, samun gurbi a ajin jinya daban. Ana fara darussan share hanya, Turanci, lissafi, ilimin halayyar ɗan'adam, ilimin sassan jiki, sannan a yi takara da makin da aka samu. Makin C zai sa ka ci darasi, amma a layin jinya baya yake mayar da kai, kuma maimaita darasi na da iyaka. Gara a ɗauki ilimin sassan jiki a zangon da ba cunkoso. Bayan an gama sai jarrabawar lasisi ta NCLEX. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 kuma ta ce sabuwar ma'aikaciyar jinya ta kammala digirin shekara huɗu cikin shekara 10 da samun lasisi, don haka a ajiye Lehman a rai tun farko.

Baban Sadiya:

Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya da ake yawan aiko mana daga gida: wanda ke Kano ko Kumasi zai iya zuwa da bizar karatu?

Ɗan Maraɗi:

In har ya samu bizar zai iya, Alhaji, amma a faɗa masa gaskiya. Kuɗin baƙo zai biya: kiredit 12 sau dala 320, dala 3,840 ke nan a zango, ba Pell ba TAP. Kwalejin ba ta da ɗakunan kwana. Kafin makaranta ta ba shi takardar I-20, wadda ake neman biza da ita, sai ya nuna kuɗin shekara guda a banki, na makaranta da na zama, sannan dala 350 ta SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗalibai baƙi, ban da kuɗin biza. Ba a yarda ya sauka ƙasa da kiredit 12 ba, aiki kuma a cikin makaranta kawai, awa 20 a mako.

Malam Ɗanjuma:

Ƙarin abu biyu ƙanana. Mai zuwa da jirgin ƙasa lamba 4 a tashar Burnside zai sauka, kuma daga nan hawan tudu ne, ya ƙara minti goma sha biyar a lissafinsa in yana da ajin safe a lokacin sanyi. Rajista da wuri ita ke ba mutum damar kauce wa ajin da ya faɗa kan lokacin Juma'a. Na biyu, digirin ba ya fitowa da kansa ko an cika 60. Sai matsakaicin maki ya kai 2.0, shafin DegreeWorks, mai lissafa darussan da aka ci, ya nuna ba sauran gurbi, sannan ɗalibi ya shiga CUNYfirst, shafin rajistar ɗalibai, a zangonsa na ƙarshe ya nemi a yaye shi kafin ranar rufewa. Wanda ya manta sai ya jira zango na gaba.