Haɗa sola, altaneta da wutar gida a kan batiri ɗaya a motar kwana

Likitan dabbobi, Samaru

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hiace wadda na cire kujerun bayanta na sa gado da ƙaramin firji, saboda aikina yana kai ni rugage a yankin Giwa da Soba, kuma nakan yi kwana biyu ko uku ban dawo gida ba. Firjin ne damuwata, domin allurar rigakafin da nake ɗauka dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, idan ta ɗumama ta tashi aiki. Na sayi batirin litiyom irin LiFePO4 mai bolt 12 da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri yake iya ajiyewa), na ɗora faifan sola mai wat 200 a rufin motar. Wani mai rewaya ya ja mini waya daga batirin mota zuwa sabon batirin, ya sa rile ɗaya a tsakani, wato makunnin da ke haɗa batiran biyu ko ya raba su. Bayan mako uku, ina tsaye a gindin mangwaro mota tana silo, sai na ji ƙauri, fitilar batiri ta kama, ashe altaneta ce ta ƙone, wato na'urar da ke yi wa batirin mota caji idan injin yana aiki. Me ya jawo haka? Kuma shin sola da altaneta da cajar gida za su iya shiga batiri ɗaya ba tare da sun yi wa juna illa ba?

Mai haɗa sola, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Likita, Allah ya kiyaye gaba. Batirin litiyom ba shi da kawaicin batirin ruwa, irin na mota da aka saba: idan ya yi ƙasa, yakan zuƙi duk wutar da aka miƙa masa, don haka altanetar ta yi ta aiki iya ƙarfinta alhali injin yana silo, fankar da ke sanyaya ta kuma tana juyawa a hankali, shi ya sa zafi ya cinye ta. Maganin shi ne cajar DC-DC a tsakanin batiran biyu, wadda take ƙayyade abin da za a ja. Mai amfiya 30 ta ishe ka, kuma a haɗa ta yadda ba za ta tashi ba sai an kunna injin, don kada ta shanye batirin tayar da mota kana barci.

Dangane da haɗa hanyoyi uku, babu laifi, matuƙar kowace hanya ta bi ta nata mai kula: sola ta kwantirola irin MPPT, altaneta ta DC-DC, wutar gida ko janareto ta caja mai tsarin litiyom. Kowannensu yana duba bolt ɗin batirin ne, yana rage hannu idan ya kusa cika. A saita su duka a lamba ɗaya, tsakanin 14.2 da 14.6, gwargwadon abin da takardar batirin ta faɗa, sannan a kashe tsarin nan na kwantirola da ke ɗaga bolt lokaci zuwa lokaci saboda batirin ruwa. Abin da mutane suke mantawa shi ne jimla. Idan DC-DC ta ba da 30, sola ta ba da wajen 12, cajar gida ta ƙara 20, an haura amfiya 50 da yawancin masu ƙera batirin 100Ah suke ba da shawarar kada a wuce, don haka kada ka bar injin a kunne kana caji da wutar gida. Wayar da za ta taso daga gaba zuwa baya ta kasance mai kaurin 16mm², da fiyus na amfiya 40 dab da kowane batiri.

Tsohon direba, Kwangila

Ni dai a ganina, Likita, an tsawaita lamarin. Shekaru na yi da batirin ruwa guda biyu da rile, ban taɓa ƙona altaneta ba, kuma duk garin da na sauka akwai wanda ya iya gyaransa. Na yarda ba a son a sha fiye da rabinsa, yana da nauyi kuma, amma kuɗin cajar nan kaɗai ya kusa sayen wani batirin.

Malamar lantarki, Tudun Wada

Baba direba ya yi gaskiya a kan batirin ruwa, sai dai Likita ya riga ya sayi litiyom, kuma ga mai ajiye magani, samun 80Ah daga batiri ɗaya ya fi samun 50. Ina so in ja hankali kada a dogara da lambar da ke jikin faifan. Wat 200 a rana mai kyau zai ba ka wajen 50 zuwa 60Ah, amma da hazo ya sauka a watan Disamba da Janairu, ƙura ta kwanta a kan gilashin, sai lissafin ya ragu sosai, musamman da yake faifan a shimfiɗe yake. Ka riƙa goge shi da tsumma mai laima kowace safiya. Ga kuma matsalar gindin mangwaron nan: inuwa ko a gefe ɗaya na faifan tana karya wutarsa, tsayawa a rana kuma yana sa firjin ya ƙara ci, batirin ya ɗau zafi, alhali ba a son a yi cajinsa idan ya haura digiri 45. Da ni ce, zan ƙara faifai na biyu mai naɗewa da doguwar waya, mota tana inuwa, shi yana rana.

Likitan dabbobi, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Sabon Gari, tafiyata daga Samaru zuwa Giwa ba ta kai awa ɗaya ba, shin cajar DC-DC ɗin za ta yi wani abin kirki a wannan ɗan lokaci?

Mai haɗa sola, Sabon Gari

Awa ɗaya ta tuƙi ba za ta ba ka fiye da 30Ah ba, zuwa da dawowa ne za su tara abin da ya kai na solar yini guda. Saboda haka ka cika batirin da cajar gida daren da za ka tafi, wanda zai ɗauki wajen awa huɗu da caja mai amfiya 20 idan ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, kuma ka sanyaya firjin da wutar gida tun kafin ka zuba maganin a ciki.