Kwabar marigayiya mahaifiyata tana zubar da gari, fentin da na shafa kuma ya ƙi bushewa

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

A Garwa ta ƙasar Kamaru nake zaune. Innarmu ta rasu bara cikin azumi, Allah ya jiƙanta. Cikin abin da ta bari akwai kwabarta, irin ta da, mai gilashi a sama da ƙofofi biyu a ƙasa, wadda ake jera samira da tangaran. Babanmu ne ya sa aka yi mata lokacin yana aiki a kamfanin auduga, dab da a karya darajar sefa a farkon 1994, kuma har ta koma ga Allah tana cewa da ya ƙara wata biyu da kuɗinsa ba su kai ba. Duk ranar Juma'a sai ta sauke kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar. Mu yara ba mu isa mu ɗora hannu a gilashin ba. A aljihun tsakiya take ajiye turaren wutarta da allura da katin asibitinmu mu shida, har yau in na ja aljihun ƙamshinta ne ke fara tarbata. A ambaliyar 2012 ruwa ya shigar mana gida cikin dare, ita da yayana suka ɗaga kwabar suka ɗora kan bulo huɗu, ta ƙi fita sai da ta ga ta zauna daidai. Amma ƙafafun baya sun riga sun sha ruwa, tun lokacin take ɗan karkata.

Bayan an yi arba'in matar yayana ta ce ɗakin take so. Ranar da na je na tarar da kwabar a zaure kaji suna hawa kanta. Ban ce da kowa komai ba, na kira mai amalanke ya kawo mini gida.

Ɗinki nake yi, ina da ɗan shago a ƙofar gida. Niyyata in mai da ita wurin jera atamfa da zare. Kafintan unguwarmu ya ce sefa dubu 45, ni kuwa ba ni da su, sai na ce bari in yi da hannuna. Na goge gefe ɗaya da samfefa, na sayo farin fentin mai na shafe ta. Yau kwana tara fentin yana kama hannu, ya tattare kamar fatar madara. Kuma kullum da safe sai na share wani gari a ƙarƙashinta, mai laushi kamar garin masara. Maigidana ya ce in fitar da ita kafin ƙarshen wata kada ta cinye masa ƙofofi. Yaya zan yi? Ba zan iya jefar da ita ba wallahi.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifiya. 'Yata, shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, saboda haka ki saurare ni da kyau. Ba gara ba ce. Gara ba ta zubar da gari, ƙasa take ɗorawa ta yi hanya daga ƙasa zuwa sama, ta cinye ciki ta bar miki fatar katako. Abin da ke zubar da gari ƙwaro ne mai huda katako. Ki haska fitila a bayanta, za ki ga ƙananan ramuka zagayayyu kamar an soka allura. Tsutsar tana ciki tana ci, ramin da kike gani ƙofar da ta fito ce bayan ta zama ƙwaro.

Kuma ba na buƙatar ganinta kafin in faɗa miki inda ciwon yake. Katakon da muke aiki da shi a nan daga dazukan kudu da gabas yake zuwa, jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare, manyan motoci su ƙaraso da shi. Kwabar wancan zamani gaba ake yi da katako mai nauyi, iroko ko sapeli, bayan da allunan ciki kuma a sa ayus saboda araha da rashin nauyi. Iroko ko gara tana shakkarsa. Ayus kuwa tuwon ƙwari ne. Saboda haka bayan ne ke zuba.

Magani: baƙin man mota rabi, kananzir rabi, ki zuba a sirinji ki ɗura a kowane rami, ki jiƙa ƙafafun. Haka iyayen gidanmu suka koya mana. Fenti kuma laifinki ne, 'yata. Kin lafta shi da kauri a kan tsohon man sheƙi, ga hayaƙin turare na shekara talatin ya kwanta a kai. Me zai kama? Ki kankare shi duka da faifan ƙarfe, ki wanke da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ki koma farko.

Maman Biyu:
Na gode Baba. Amma ban lafta ba, sau ɗaya na shafa, sai da na ga baƙin yana fitowa ta ƙasa na ƙara na biyu da yamma. Mai shagon fentin ne ya ce ana shafawa kai tsaye.

Tsohon Kafinta:
To ai shi ke nan, kin faɗa da bakinki. Na biyu a rana ɗaya! Sama ta bushe ta rufe ta ƙasa, ta ƙasa ba ta samu iska ba, dole ta tattare. Mai sayar da fenti ciniki yake nema.

Malamar Asibiti:
Baba, da girmamawa, batun baƙin mai ban yarda ba. Cewa ta yi atamfa za ta jera a ciki. Baƙin mai ba ya bushewa da gaske, da zafi ya taso zai tsatso ya ɓata kayan mutane, warin kananzir kuma zai shiga zane. Sannan man da aka juye daga inji datti ne mai cutarwa, ba abin ajiyewa ba ne inda yara ke rarrafe.

'Yar'uwa, tambayata ita ce: kafin ki shafa naki, an taɓa yi mata fenti mai launi a baya? A ina kika yi gugar, kuma ina yaranki suke a lokacin? Tsofaffin fentin mai da yawa suna da dalma a ciki. Sai a 2017 Kamaru ta kafa dokar hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ƙurar irin wannan fenti idan yaro ya shaƙa ko ya kai hannu baki, ƙwaƙwalwarsa take taɓawa, kuma ba a gani nan take. Kowa ya ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ne. In za ki ƙara gogewa ki fitar da ita waje, ki jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi, ki rufe hanci, ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Ƙwarin kuma zafi yana kashe su. Katakon da ake ɗora kaya a kai zuwa ƙasashen waje, ƙa'idarsa a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Yanzu Afrilu muke, Garwa tana wuce 40 a inuwa. Ki cire gilashin, ki naɗe ta ruf da baƙar leda, ki bar ta a tsakar gida kwana biyu ko uku.

Tsohon Kafinta:
Malama, ke allura kika sani, ni katako na sani. A sa kwabar da ta sha ruwa a ranar Garwa cikin leda? Gam ɗin gaɓoɓinta zai saki, allunan su tsage, ƙofa ta murɗe ba za ta ƙara rufuwa ba. Garin neman gira a rasa ido. Kuma ƙafar da ta kai kaurin dantse, kina ganin zafin zai ratsa tsakiyarta? Na yi wa gadaje sun fi ɗari baƙin mai, ban ji wanda ya mutu ba.

'Yar Marwa:
Ni dai abin da zan ce, gwamma da kika yi da hannunki. Gadon aurena na maɗaci na kai wa wani kafinta ya canza mini allon kai, na ba shi rabin kuɗi. Yau shekara biyu. In na je ya ce katako ya yi tsada, in na koma ya ce yaronsa ya gudu da kayan aiki. Ranar nan na leƙa bayan rumfarsa na ga ƙafafun gadona a ƙasa ruwan sama ya dake su, an ɗora musu tukunyar gam. Na yi kuka a wurin. Maigidana ya ce in bar shi da Allah, ni kuma a kan katifa nake kwana a ƙasa da ciwon bayan nan. Kada ki bari kwabar nan ta fita daga gidanki ko da kyauta za a yi miki.

Tsohon Kafinta:
Hajiya, Allah ya fito miki da haƙƙinki, amma kada a yi mana kuɗin goro. Ku ma ku faɗi naku. Akwai kujeru shida a rumfata tun babbar sallar bara, na gama, mai su ya daina ɗaukar waya, ni na sayi yadin da soso da kuɗina.

Baban Yara:
Ni wani abu ne ya tsaya mini. Kin ce ku shida ne, kin ce ba ki ce da kowa komai ba. An raba gado kuwa? In ba a raba ba, kwabar nan haƙƙin magada ce duka, har da mahaifinku in yana raye. Ki je ki same su a yi mata kuɗi a cikin kasonki, ko su yafe miki da bakinsu. Gobe ta yi kyau a shago, wani zai tuna ta innarsa ce.

Maman Biyu:
Yaya, da suna sonta da ba a zaure zan tsince ta da kashin kaji ba. Wata bakwai tana gidana babu wanda ya tambaya. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ni na yi jinyar Inna, ni na san abin da ta faɗa mini a kan kayan ɗakinta.

Malama, ciki ne kawai yake da shuɗin fenti, Inna ta sa aka yi bayan ambaliya. Kaɗan na goge, a baranda, yaran ba su daɗe a wurin ba. Farin kuma ba don ƙyale-ƙyale na zaɓa ba, shagon ba shi da taga, in ta zauna da baƙinta atamfar ba za ta fito ba.

Baban Yara:
Abin da ta faɗa miki akwai shaidu? Ba faɗa nake nema ba, tsoron Allah nake tuna miki.

Na Kusseri:
Anti, ki yi lissafi. Tina, samfefa, sabon fenti, allon baya, ƙusoshi, kin kusa kuɗin kafintan. Ni na taɓa jan tsohon teburin babana gidan haya uku, kowane tashi sai an ƙara mini kuɗin mota saboda nauyinsa, ƙarshe da shi aka dafa abincin suna. Ki cire gilashin da aljihun nan mai ƙamshi ki ajiye don tunawa, sauran ki rabu da shi. Masu alminiyam suna haɗa akwatin jera kaya mai gilashi, ƙwaro ba ya cinsa.

Maman Biyu:
Allah ya kiyaye a dafa abinci da kwabar Inna. Da alminiyam nake so da ban zo nan ba.

Malamar Asibiti:
Akwai hanya ta tsakiya. Tunda Baba ya ce bayan ne da allunan ciki, a cire su kaɗai a sa su a rana ko a ƙone, a sa sababbi. Gangar jikin ba ta shiga rana ba, ba ta sha baƙin mai ba. Shuɗin cikin kuma tunda bayan 2012 aka yi shi, kafin dokar ke nan. Kada ki ƙara goge shi a bushe.

Tsohon Kafinta:
Ai abin da na faɗa ke nan tun farko, bayan ne. Amma ƙafafun sai an ɗura musu magani, in ba haka ba damina na sauka za a koma gidan jiya. A yanke ruɓaɓɓen wurin daidai da juna duka huɗun, a ɗora ta kan bulo kada ta taɓa siminti. Sannan ina gargaɗinki, 'yata, kada ki cire ƙofofin ƙasa. Kuma iroko ba a rufe shi da farin fenti, zunubi ne a wurin mai sana'a. Ki kankare ki shafa man sheƙi siriri sau biyu, kwana ɗaya tsakani, ki sa ƙwan lantarki a ciki in haske kike so.

Maman Biyu:
Baba, ƙofa ɗaya na riga na cire tun makon jiya, don in ga ko bandir zai shiga a kwance. Sukurun sun yi tsatsa sun ƙi juyawa, na sa wuƙa na ɓamɓare, wurin ya ɗan tsage kamar tsawon yatsa. Amma ɓallin yana nan na ajiye. Kuma ƙwan lantarki da wannan ɗauke wutar, fari dai ya fi mini. Na haska bayan kamar yadda ka ce, ramukan suna nan, amma na ga wasu ma a gefen aljihun tsakiya. Shi ba zan ɗura masa kananzir ba, ƙamshin zai tafi.

Tsohon Kafinta:
Da wuƙa! To ki zaɓa, ƙamshi ko kwaba.

'Yar Marwa:
Baba, tunda kana nan, maɗacin da ruwa ya daka damina biyu yana gyaruwa?

Maman Biyu:
Maigidan zai dawo daga Ngaundare ranar Alhamis. Ana sayar da tina rabin lita kuwa? In na kankare fentin gaba kawai na bar gefen da ya fara bushewa, zai yi? Kuma aljihun shi kaɗai, in na naɗe shi a leda na sa a rana, zai tsage?