Aikin dare da zazzabi ga mai juna biyu: shin suna taɓa ƙwaƙwalwar jariri?

Mai Jinya, Gombe:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, cikina ya shiga wata huɗu, kuma har yanzu ina aikin dare sau uku a mako. Makon jiya zazzabin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyu. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba, domin na ji ana cewa rashin barcin dare da ciwo suna iya taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikina. Masana su taimaka mini.

Malamin Kimiyya, Bauchi:
Wa'alaikumus salam, Allah ya raba lafiya. Jiki yana da agogonsa, wanda wani ɗan gurbi cikin ƙwaƙwalwa ke saitawa da hasken rana. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki sinadarin melatonin, shi kuma ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda nasa agogon ba ya daidaita sai bayan haihuwa da kamar wata uku. Ke nan uwa ce ke sanar da shi dare da rana, fitilar asibiti da tsakar dare kuwa tana rage wannan sinadari. Ta fuskar ciwo, gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa martanin garkuwar jikin uwa, musamman sinadarin IL-6, yana iya sauya yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, don haka kada ki ɗaga hankalinki.

Ungozoma, Gombe:
'Yar'uwa, ni zazzabin ya fi damuna. Ƙwayar maleriya tana taruwa a mabiyiya, ta rage abincin da ke isa ga jariri, abin da kan jawo haihuwar bakwaini ko yaro marar nauyi. Sauron da ke yaɗa ta da dare yake cizo, daidai lokacin da kike zagaye a ɗakin marasa lafiya, nesa da gidan sauronki. Tunda kin wuce mako 13, ki tabbatar ana ba ki SP, maganin rigakafin maleriya na masu juna biyu, a wurin awo wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki kuma nisanci yara masu ƙuraje da zazzabi, domin yana iya zama cutar rubella ce, mai zuwa da waɗannan alamu. Tun 1941 likitan ido Norman Gregg na Ostareliya ya gano cewa rubella tana lahanta idon jariri tun yana ciki, daga baya aka tabbatar har da ji da ƙwaƙwalwa.

Mai Jinya, Gombe:
Na gode, Anti. Ban sha SP ko sau ɗaya ba tukuna. Gobe zan je awo, daga nan in roƙi shugabarmu ta mayar da ni aikin safe.