Guguwa ta ɓata min farautar watan Mayu: in karɓi Oktoba ko in jira baɗi?

Jikan Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen wanda ya san Afirka ta Kudu, musamman yankin Limpopo, ko wanda ya taɓa tsallaka ƙasa da bindigar farauta.

Ni mutumin Bauchi ne, bana shekarata 19 a Houston. Kakana maharbi ne. Ina yaro na ga kan burtun da yake ɗaurawa a goshi, da harba-ka-rugarsa jingine a bayan ƙyauren zaure, amma ban taɓa bin sa daji ba, ya rasu kafin in yi wayo. A nan Texas wani abokin aiki ya koya min harbin barewarsu mai farar wutsiya, shekara shida ke nan, tun daga nan nake ɗan tara kuɗi a gefe don in ga dajin Afirka da bindiga a kafaɗa ko sau ɗaya ne.

Bara na daidaita da wani mai gandun daji a yankin Waterberg: kwana bakwai, dabba huɗu, wato kudu (babban naman daji mai murɗaɗɗen ƙaho) da impala da wildibis (dangin barewa da gwanki) da mugun dawa, dala 6,200 har da masauki da abinci. Na ba da kafin alƙalami dala 2,000. Ranar tafiyata ita ce 16 ga Mayun nan na 2024, ranar da guguwar nan ta afka wa Houston da yamma ta farfasa tagogin dogayen gine-gine ta ɗauke wa gari wuta. Aka soke jirginmu. Kujerar da aka samar min a babban jirgin Johannesburg sai bayan kwana uku. An nuna min wata hanya ta Amsterdam washegari, amma da aka tuna da akwatin bindiga sai zance ya sha bamban, don Holan ba ta barin makami ya ratsa filin jirginta sai da takardar izinin da aka nema tun kafin tafiya. Haka na ja kayana na koma gida cikin duhu, uwargida tana min jaje tana danne dariya.

Mai gandun ya yi min mutunci. Ya ce wasu baƙi na shigowa a bayana, in na zo ma kwana uku zan samu. Ya ba ni zaɓi biyu: ƙarshen Oktoban bana a farashin da muka yi, ko makon farko na Yunin baɗi a sabon farashin da zai fitar a Janairu.

To wanne ya fi? Sannan in sake ɗaukar bindigata mai harsashin .30-06, ko in ari tasu a dala 40 kullum? Na kuma yi tunanin in bi ta gida in gaida Hajiya a Bauchi, daga Legas in wuce. Fasfon Amurka ke hannuna, ba ni da matsalar bizar Afirka ta Kudu.

Baban Khalil ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ina Johannesburg shekara 12, ina kasuwanci a Fordsburg, kuma kusan kowane hunturu muna fita farautar nama da abokaina Indiyawa Musulmi, yawanci Limpopo ɗin nan.

Bari in fara da wadda ta fi haɗari. Kada ka kuskura ka shiga Nijeriya da bindigar nan. Takardunka na Amurka da na nan ba su da wani amfani a filin jirgin Legas, ko kwanson harsashi guda aka tsinta a aljihun jakarka ya isa ya ɓata maka shekara. In kana son ganin Hajiya, sai ka bar bindiga a Texas. Kuma duk wanda ya taso daga Nijeriya sai ya nuna katin rigakafin shawara a nan, ko wane irin fasfo yake riƙe da shi.

Batun lokaci kuwa, ka tuna a juye muke da ku. Ƙarshen Oktoba a Limpopo tamkar Afrilun Bauchi ne, bazara tsantsa, ana ta duban gabas. Ganye ya zube, ciyawa ta ƙare, ana hango dabba daga nesa, kuma dole ta zo ruwa. In wildibis da impala ne kaɗai a gabanka, sai in ce ka zo. Amma rana na dukan mutum tun hantsi, namun sun rame, fata na saurin lalacewa in ba a feɗe an zuba gishiri nan take ba, macizai sun farka. Kuma in ruwan farko ya riga ka sauka, namun sai su watse cikin daji, mashayar da aka ajiye ka ta zama kufai.

Kudun da kake nema shi ne abin dubawa. Daga Mayu zuwa Yuni suke barbara, a lokacin ne manyan mazan da ba a ganin ko ƙurarsu suke fitowa bin mata, wuya ya kumbura, hankali ya tafi. Zuwa Oktoba sun koma su kaɗai ko cikin 'yan uwansu maza a kan duwatsu da sarƙaƙiya. Dabba ce da za ta tsaya a bayan kurmi taku arba'in da kai tana kallonka, kai ba ka gan ta ba sai ta yi haushi ta juya. Na taɓa kwana huɗu ina bin wani a watan Satumba, abin da na gani kaɗai murɗaɗɗen ƙahonsa yana shigewa tsakanin itatuwa. Tunda na san shi ya ci rabin kuɗin nan naka, ni Yuni zan jira. Sai dai ka zo da rigar sanyi ta gaske, asubar Yuni a bayan buɗaɗɗiyar mota ta fi hunturun Jos cizo.

Farashi kuma kada ka yi shiru. Kuɗinka na hannunsa tun bara, ba kai ka kira guguwa ba. Ka roƙe shi ya bar maka tsohon farashi, in ya ƙi, ku tsayar da iyakar abin da zai ƙara tun yanzu, a rubuce, da sabuwar rana da sunan kowace dabba. Ka tambaye shi hekta nawa ne filin da za ku yi farautar, ba jimlar filayen da yake da izini a kansu ba. Tun dokar 1991 da ta mallaka wa mai shingen fili namun da ke ciki, gandaye suka yawaita a ƙasar nan, akwai wanda za ka wuni kana tafiya ba ka ga waya ba, akwai wanda bai wuce garke ba.

Bindiga: in ka dage sai taka, takardar 'yan sanda ce SAPS 520, da baƙin biro ake cikawa, kuma ba ka sa hannu sai a gaban jami'i a filin jirgin O.R. Tambo. Za su nemi takardar kwastan ɗinku ta 4457 da wasiƙar gayyata daga mai gandun. Wasiƙar da ke hannunka ranar Mayu ke jiki, ta tashi aiki, ka karɓi sabuwa. Harsashi kada ya wuce kilo 5. Ni dai a ganina dala 280 na aron kwana bakwai ba ta kai ciwon kan nan ba. Da ba ka da wannan akwati, ai da ka bi ta Amsterdam kana can kana cin gasasshen impala.

Abin da ba a faɗa wa mutum da wuri shi ne kuɗin bayan farauta. Tsoma ƙaho da fata a magani, ɗaurewa, jigila, da mai fito da kaya a can wajenku, duk daban ake biya, kuma sai an yi watanni kafin akwatin ya iso.

Uwar Biyu ta amsa:

Ikon Allah. Wato mutum ya taso daga yamma ya tafi Kudu neman kudu. Yaya, ba don na raina sha'awarka ba, amma dala 6,200 a kan dabba huɗu? Da wannan kuɗi shanu nawa za ka kayar a Bauchi ranar Sallah, unguwa ta kwana tana sa maka albarka? Na ji ma an ce ko tsinken kilishi ba za su bari ka shiga da shi Amurka ba. In ganin namun ne, ai ga gandun dajin Sumu nan kusa da gida, tun 2006 Namibiya ta ba Bauchi kyautar raƙuman dawa da jakunan dawa har da kudun naka. Ina bayan uwargida, dariyarta na kan hanya.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malam Jikan Maharbi, maganar Uwar Biyu wasa ce amma akwai fiƙihu a cikinta. A Risala an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Saboda haka ka tambayi mai gandun ina naman yake zuwa. In ana ci a sansani, ma'aikata na samu, saura a kai mahauta, to ka ƙulla niyyar ci da ciyarwa, ƙaho ya zama ƙari.

Mugun dawa ka cire shi daga lissafi. Alade ne, ba ka ci, ba ka rataye haurensa a falo. Ka ce a musanya maka da wata dabba.

Ka yi bismilla lokacin da za ka saki harsashi. In kun iske dabbar da sauran rai, ka yanka ta da hannunka, don haka ka riƙe wuƙa mai kaifi, kuma ka gaya wa maharbin da doka ta ce ya raka ka, wanda suke kira PH, tun daren farko. Sun saba hana baƙo matsawa kusa sai dabba ta daina motsi, kuma ba sa son a yanka maƙogwaro saboda fatar wuya da ake yin ado da ita. Gara ku yi wannan magana a kan tebur da ku yi ta a kan dabba tana shure-shure. In shi ya ƙarasa ta da tasa bindigar, hukuncin ya koma kan harbinsa, ba naka ba.

Sai mas'alar da ta fi shafar aljihu. A mazhabarmu abin da ka harba ya ɓace maka har ya kwana, ka same shi washegari a mace, ba a ci. Su kuma ƙa'idarsu, da zarar an ga ɗigon jini ka biya kuɗin dabbar, an same ta ko ba a same ta ba. Ka ga harbin gab da magariba na iya sa ka yi biyu babu.

Ka kuma duba kalanda. Babbar Sallar baɗi, wato 2025, za ta faɗo wajen 6 ko 7 ga Yuni, daidai makon da ya ba ka.

Ɗan Garwa ya amsa:

Ni abin da ke ba ni mamaki, ɗan Bauchi zai tsallake dajin da kakansa ya sani ya tafi neman namun da ko sunan Hausa ba su da shi. Nan arewacin Kamaru, kewayen gandayen Benuwe da Faro da Buba Njidda, akwai yankunan farauta da gwamnati ke bayarwa haya. Turawa da Amurkawa na sauka a Garwa daga wajen Janairu zuwa Afrilu. Gwanki, kanki, mazo, ɓauna, da babbar dabbar nan da suke kira Lord Derby eland wadda ita ce ke kawo su. Babu shinge, da ƙafa ake bin sawu tun asuba, masu bin sawun kuma da Fillanci da Hausa za ku yi hira. Faro ma ai maƙwabciyar Adamawa ce.

Amma ba zan ruɗe ka ba, kuɗin ya ninka naka sau da yawa, ga tsando, ga zafin Maris. Ka je Limpopo ka koyi harbi da bindiga ɗore a kan sanduna tukuna. Ka fara gwaji tun yanzu, a tsaye, don can ba kullum ake zama a rumfa kamar Texas ba. Kuma zuciyar namun nan tana gaba, tsakanin kafaɗu. In ka auna bayan kafaɗa yadda ka saba da barewarku, tumbi za ka samu.

Jikan Maharbi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kira mai gandun da takardar tambayoyi a gabana. Ya yarda da 14 zuwa 21 ga Yuni, bayan Sallah. Kuɗin kwana ya bar shi yadda yake, na dabbobi ya ce ƙarin ba zai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, kuma ya turo a rubuce. Filin hekta 4,000 ne a haɗe. Mugun dawa ya koma blesbok, wani dangin barewa, da cikon dala 150. Da na kawo maganar yanka sai ya yi dariya, ya ce ba ni ne Musulmin farko da ya sauka a wajensa ba, akwai yadda suke tsaga fatar ta tsawo a yanka ta ciki ba tare da an ɓata ta ba. Malam, wannan ya wadatar?

Bindiga zan ara, Baban Khalil ka ci nasara, ko da yake raina bai so ba. Hakan ya ba ni damar yin Sallah a Bauchi in wuce ta Legas, katin shawara kuma na nemo shi a ƙasan akwati.

Uwar Biyu, na karanta wa Hajiya saƙonki a waya, ta ce ke ce mai hankalin zauren nan. Da na ce mata nama ba zai zo ba sai ta yi shiru, can ta ce to a kawo mata fatar impalar ta yi buzu. Wanda ya sani, a can ya fi a jeme ta da gashinta, ko in bari sai ta iso Houston?