Disket kwali uku: rigimar da ta tashi a zaure kan wa ya ƙirƙiro me

Mai Disket: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo muku maganar. Waɗanda suka san ni sun san na daɗe ina buga wa mutane takardu a shagon maigidana a nan Kano, Allah ya ji ƙansa. Bayan rasuwarsa iyalinsa za su zubar da disket, wato faifan adana fayil na tsofaffin kwamfutoci, kwali uku, na ce su bar min. A ciki akwai furojet ɗin ɗalibai, da takardun ƙungiyoyi, da rubutun marubutan da wasunsu ba su kai ga fitar da littafin ba. Abin da ke rubuce da biro a bayan disket ba ya gaya maka komai: "Alhaji 2", "Sabo", "Kar a goge". Sai na zauna na ƙirƙiro 'yar ƙaramar manhaja da QBasic, wani harshen rubuta manhaja, a tsohuwar kwamfutata mai Windows 98. Ka sa disket, ka ba ta lambarsa, ta kwashe sunan kowane fayil da girmansa da ranarsa ta zuba a KUNDI.TXT. Na yi ta biyu mai nemo suna, na yi ta uku mai nuna fayilolin da suka maimaitu. Na ɗauki kundin na kai wani ofishi da nake ganin adana irin wannan haƙƙinsu ne. Wanda na tarar ko buɗewa bai yi ba, ya ce tarkace ne, in juye komai a filash in huta. Na ce masa a'a, kuma ina nan a kan bakana: kundi ne farko, kwafi daga baya. Duk wanda ya juye disket masu yawa cikin folda ɗaya bai san wane fayil daga wane disket ya fito ba, ɓatar da su ya yi.

Ɗan Python: Wa alaikumus salam Baba. Sannu da ƙoƙari, amma "ƙirƙiro" ta yi nauyi. Umarnin DIR A: /S >> KUNDI.TXT layi ɗaya ne, kuma da shi DOS, tsohuwar babbar manhajar kwamfuta, ta zo. Shi yake karanta disket ɗin, shi yake fito da suna da girma da rana. QBasic ɗin ma Microsoft ce ta saka shi cikin MS-DOS 5.0 tun 1991. Ka haɗa dai, ba ka ƙirƙira ba.

Hajiyar Tafireta: Kai yaro, dattijo ya zo da ɓacin rai, abin da ka tsinta a duk bayaninsa ke nan? Kalma ɗaya?

Ɗan Python: Hajiya ban raina shi ba wallahi. Gaskiya ce kawai. Idan muka kira kowane abu ƙirƙira, me za mu kira aikin wanda ya rubuta DOS ɗin kanta?

Tsohon Akawu: Ɗana, tela ba shi ya saƙa yadi ba, ba shi ya ƙera keke ba, amma in ya fitar da sabon ɗinki kowa sunansa yake kira. DIR ba ta san lambar disket ba. DIR ba ta ware layin fayil daga layin folda ta jera su yadda za a iya nema. DIR ba ta ce maka wannan BABI3.DOC ɗin yana disket na 14 yana kuma na 90. Malam ne ya sa ta yi. Ya ƙirƙira.

Ɗan Python: Neman ma akwai FIND a DOS, Baba Akawu. FIND /I da sunan da kake so, shi ke nan. Kuma tun zamanin ana da manhajojin jera abin da ke cikin disket, ba sabon tunani ba ne.

Mai Disket: To ina suke lokacin da nake nema? Ka taɓa ganin ɗaya a shagon buga takardu a garin nan?

Injiniyan Sabon Gari: Ku bar maganar ƙirƙira tukuna, ni tambaya gare ni. Malam, lambar da kake ba kowane disket, da umarnin LABEL kake rubuta ta a ciki? In haka ne ka daina yau. Disket ɗin da ya haura shekara ashirin ba a rubutu a kansa. Kafin ka sa shi, ka tura ɗan makullin nan na kusurwa ramin ya buɗe, ramin a buɗe shi ne kulle. Kuma kar ka kunna kwamfutar da disket a ciki, yadda bairos ɗin zamanin yake shiga ke nan, ta sashen farko na disket.

Mai Disket: Injiniya, da alƙalamin maka nake rubuta lambar a kan takardar baya, ban taɓa cikinsa ba. Kowanne sai na buɗe ramin. LABEL ma harafi 11 kawai take ɗauka, me zai ishe ni?

Injiniyan Sabon Gari: Madalla. Amma duk da haka ban yarda da maganarka ta farko ba. Wani disket sau ɗaya zai karantu a rayuwarsa da ta rage. Danshin damina ya sa masa fumfuna, ka sa shi ya juya, fatar ta goge, ta kuma ɓata kan na'urar. In wannan juyin guda ka kashe shi wajen karanta sunaye, ka samu jerin abin da ka rasa ke nan. A ɗauki hoton disket ɗin gaba ɗaya tukuna, wato kwafin duk abin da ke cikinsa yadda yake, da umarnin dd a Linux ko da na'ura irin Greaseweazle, kowanne fayil ɗaya mai lambarsa. Daga hoton sai ka yi kundi son ranka.

Ɗalibar Tarihi: Yauwa, wannan ita ce muhawarar. Baba Mai Disket me za ka ce?

Bazazzagi: Kafin ya ce, ni dai ban ga abin mamaki ba. Mu a Samaru tun kafin 2000 masu shaguna suna da littafin rajista, kowane disket da shafinsa. Kanawa sai yanzu kuka farga, har ana kiran abin ƙirƙira.

Hajiyar Tafireta: Littafin rajista? Wanda yaron shago zai rubuta yau gobe ya manta? Mu ma mun yi shi. Ɗalibi zai zo ya gyara babi ɗaya, a sake suna, littafin yana nan yana faɗin tsohon labari. Kuma kar ka kawo mana Zariya da Kano nan. Duk marubutan da suka cika kasuwa da littattafai a shekarun 1990 a ina aka buga musu?

Bazazzagi: A ina aka fara buga littafin Hausa, Hajiya? Kamfanin Gaskiya a Kano yake?

Hajiyar Tafireta: Da disket Gaskiya ta fara? Maganar kwamfuta ake.

Tsohon Akawu: Ku tsaya. Ɗan Python bai janye ba tukuna. Ka ce layi ɗaya ne. To kai rubuta mana naka mu gani.

Ɗan Python: Layi goma ya ishe ni, Baba. In bi folda-folda, in fitar da suna da girma, in lissafa wa kowane fayil hatiminsa na SHA-256, wato lambar da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, in zuba a CSV, fayil na jadawali. Da hatimin ne ake gane fayil biyu ɗaya ne da gaske. Suna ɗaya da girma ɗaya ba hujja ba ce: a canza "2001" zuwa "2002" a cikin takarda, girman bai motsa ba, amma takardun sun bambanta. Manhajar Baba za ta ce maimaici ne, wani ya goge ɗaya. Kuma ko na rubuta ba zan ce na ƙirƙira ba.

Mai Disket: Tawa ba ta goge komai. Nunawa take, ni nake dubawa da idona. Kuma wannan naka a kan wace kwamfuta zai hau? Taka mai ramin disket ce?

Ɗan Python: Ana sayar da na'urar karanta disket mai USB. Taka manhajar ce ma ba za ta hau Windows na yanzu ba sai da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS.

Injiniyan Sabon Gari: Na USB ɗin nan ina da su a shago. Suna karanta mai 1.44 da mai 720, amma da sun ci karo da sashe mai rauni sai su tsaya su yi ta ƙara. Tsohuwar na'urar cikin kwamfuta ta fi su haƙuri. A nan Malam ya fi ka gaskiya.

Bazazzagi: Wai duk wannan hayaniyar a kan megabait ɗaya da rabi ake? Hoto ɗaya na wayata ya fi shi.

Ɗan Python: Bai ma kai ɗaya da rabi ba. Bait 1,474,560 ne, wato sashe 2,880 kowanne bait 512. In ka raba da 1,024 sau biyu 1.41 ne, in ka raba da miliyan 1.47 ne. "1.44" ɗin gauraya lissafi biyu aka yi.

Tsohon Akawu: A jikin kwalin 1.44 aka rubuta. Sony da IBM ba su iya lissafi ba sai kai?

Ɗan Python: Ɗauki kalkuleta, Baba, ai kai akawu ne.

Tsohon Akawu: Ka ga irin rashin kunyar da nake faɗa. Mu da muka yi aiki da abin nan hannu da hannu, in ka yi wa sabon disket fomat 1,457,664 yake nuna maka. Wannan lambar na haddace ta kafin a haife ka.

Injiniyan Sabon Gari: Duk ku biyun daidai ne. Ragowar ta tafi wajen sashen farko da teburin FAT guda biyu, masu nuna inda kowane fayil yake, da gurbin sunaye 224. Ku bar wannan.

Hajiyar Tafireta: Bazazzagi, kai da kake raina megabait ɗaya, littafi guda cur yana shiga ciki in da manhajar rubutu ta WordPerfect 5.1 aka buga shi. Shuɗin allo, babu hoto babu ado. Da Word ya zo ne fayil ya fara kumbura. Ni har gobe ban ga abin da ya kai Reveal Codes ba, ka ga duk abin da ke ƙarƙashin rubutunka ka cire wanda ya dame ka.

Bazazzagi: Da ya fi, da bai mutu ba.

Hajiyar Tafireta: Bai mutu ba, ana sayar da shi har yanzu. Kai ne ba ka sani ba.

Ɗalibar Tarihi: Don Allah iyayena, an bar jaki ana dukan taiki. Ni abin da ya dame ni: kundin Baba sunaye kawai ya ƙunsa, sunan DOS kuwa harafi takwas ne da uku. PROJEC~1.DOC ba ya gaya wa mai bincike komai. Ranar ma ba a dogara da ita, don in batirin agogon kwamfuta ya mutu wasu fayiloli 1980 za su nuna. Sannan rubutun Hausar da aka buga da font ɗin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, in ka buɗe shi babu font ɗin sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Wanda ya nemi "ƙasa" ba zai same ta ba. Ya kamata kundin ya samu gurbin da za a rubuta wane font, wace manhaja, da layin farko na takardar. Wannan ba aikin DIR ba ne, aikin wanda ya san shagon ne.

Mai Disket: 'Yata Allah ya yi miki albarka. Abin da nake so mutumin ofishin ya gane ke nan. Ni na san "Alhaji 2" wane Alhaji ne. Na san wace takarda ce aka gyara sau uku. In na mutu wa zai sani?

Ɗan Python: To ka ga Farfesa shi za a ce ya ƙirƙira. Ya samar da abin da babu.

Tsohon Akawu: Shi ya ƙirƙiro ƙ da ɗ da ɓ? Ai suna cikin boko tun kafin kwamfuta. Shi ma haɗawa ya yi in da ma'auninka za a bi. Ka yarda da na Farfesa ka ƙi na mai shago, saboda wancan yana da digiri.

Ɗan Python: Ban ce haka ba. Kar ka sa min magana a baki.

Hajiyar Tafireta: Haka kake nufi. Ku yaran yanzu in abu bai fito daga jami'a ko daga Amurka ba, ba abu ba ne.

Bazazzagi: Ni dai ina tare da yaron. Kuma har Japan da ta fi kowa riƙon disket gwamnatinta ta sallame shi a 2024. Sony ta daina yi tun 2011. Ku ne kawai kuka rage.

Injiniyan Sabon Gari: Daina yin sa ai shi ne dalilin gaggawa, ba dalilin zubarwa ba. Har yanzu ba wanda ya amsa min: hoto ne farko ko kundi?

Ɗalibar Tarihi: Akwai kuma maganar masu takardun. Furojet ɗin mutane ne da wasiƙunsu. Wa ya ba da izinin a kai su ofishi?

Tsohon Akawu: Sai yaron nan ya janye kalmarsa sannan a shiga wannan.

Ɗan Python: Ba zan janye ba. Ina girmama Baba, zan ma je in taya shi in ya yarda, amma haɗawa ya yi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun tabbatar Malam Mai Disket ƙirƙira ya yi, kuma ni ma da na yi zamani da DOS na shaida ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗan Python ya kawo lissafe-lissafe amma bai nuna mana layi goman da ya ce zai rubuta ba, don haka maganarsa ba ta da madafa. Injiniya da kansa ya ce tsohuwar na'urar Malam ta fi ta zamani, wannan ya nuna hanyar Malam ita ce daidai, kundi ne farko. Hajiya ta yi gaskiya kan WordPerfect. Maganar Zariya ba ta cikin batu, kuma ina jan kunnen Bazazzagi. Ɗan Python zai nemi afuwar Baba Akawu a keɓe kan maganar kalkuleta. Malam, ka turo min manhajar taka ta QBasic in saka ta a ma'ajiyar zaure da sunanka a matsayin wanda ya ƙirƙira. Na rufe wannan batu.