Kowane Birni da Mudunsa: Musayar Waƙa a Kan Mazantaka

Baƙon Sanyi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata uku ke nan a Stockholm, kuma akwai abin da na gani da ya ƙi barin raina. Na sa shi a waƙa, ƙwar huɗu, babban amsa-amonta "ba". Duk wanda ke zaune a wani babban birni ya amsa mini da abin da idonsa ya gane masa.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Mai bai wa kowane birni baiwa,
Zancen maza ne nake son taɓawa,
Ku matso kusa, ban zo da faɗa ba.

Talata da hantsi, ƙanƙara na zubowa,
Wani ƙato mai gemu yana tahowa,
Keken jariri yake ta turowa,
Ko mutum ɗaya bai waiwaye shi ba.

Ya tsaya, ya durƙusa gaban 'yarsa,
Ya hura wa hannunta ɗumin bakinsa,
Ya share mata hanci da gefen rigarsa,
Bai duba ko akwai mai kallo ba.

Na ce ko rashin aikin yi ne,
Maƙwabcina ya ce injiniya ne,
Hutun raino yake, haƙƙinsa ne,
Ba korar sa aka yi daga ofis ba.

Tun 1974 Suwidin ta yanke,
Uba ma ya yi raino, ya shanya, ya wanke,
Kwana 480 iyaye ke riƙe,
Nasa 90, ba zai bar wa uwa ba.

To ku gaya min, 'yan'uwana na nesa,
Namiji ne ya sauya, ko ko birninsa?
Ko kowane gari da irin mudunsa,
Wanda ba zai cika a wani garin ba?

Mai Jiran Jirgi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ga amsa daga Tokiyo.

Yaya, dokar nan mu ma da ita,
Japan a takarda ta ce uba ya huta,
Har shekara guda in ya nemi ya karɓe ta,
Sai dai ofis bai saba da jin haka ba.

A 2023, cikin ubanni goma,
Uku suka karɓa, saura aiki suka koma,
Gudun kar shugaba ya ce ba su da himma,
Kunyar abokan aiki ba ta bar su ba.

Jirgin ƙarshe na dare nake hawa,
Maza cikin kwat a tsaye suna gyangyaɗawa,
Wani hoton ɗansa a waya yake shafawa,
Tun Lahadi bai gan shi ido biyu ba.

Mutuwar gajiya har suna gare ta,
Karoshi suke cewa in sun ambace ta,
Mazantaka a nan da awa ake auna ta,
Ba da daren da ka raya da jariri ba.

Gwamnati a 2010 ta tashi,
Ikumen, uba mai raino, take yabon shi,
Samari na so, manya na jan shi,
Tsohon mudu bai fashe tukuna ba.

Tsohon Direba:
'Ya'yana, na ji ku. Ni da ƙwar biyu na saba, da ita zan amsa. Riyad na zauna, tuƙi ne sana'ata.

Shekaru ina kai matan gida unguwa,
Mace a sitiyari, ban taɓa gani ba.

Ran 24 ga Yuni, 2018,
Aka ɗage hanin, ban manta ranar ba.

Da 'yar maigidana ta samu lasisi,
Ya miƙa mata mabuɗi, bai ce uffan ba.

Ya zauna a gefe, hannunsa na rawa,
Carbi a yatsa, bai ɗaga kai ba.

Da ta kai mu gida ta kashe mota,
Ya sumbaci goshinta, bai ɓoye hawaye ba.

Yarinyar nan fa, tun tana ƙarama,
Ba ta taɓa taka inda bai sani ba.

Shekara ta zagayo, fasfo ya zama nata,
Mai shekara 21 ba sai da waliyyi ba.

Amma ku ji ni, kada ku yi gaggawa,
Mabuɗi ya sauya hannu, nauyi bai sauka ba.

Ci da sha da sutura da kare mutunci,
Ban ga birnin da ya sauke wa namiji ba.

Uwar Biyu:
Baba, a gafarce ni, zan sa baki a zancen maza, don mu ne muke zaune da su. Delhi nake.

Baba, na rusuna, na ji jawabinka,
Kare mutunci ka sa a lissafinka,
To zo nan ka gani da idonka,
Wanda muke tsoro ba aljani ne ba.

Tarago guda a jirgin cikin birni,
Na mata ne zalla, a can za ka gan ni,
Alƙahira da Tokiyo ma haka, na sani,
Don wasu mazan ba su tsare hannu ba.

Disambar 2012 gari ya girgiza,
Ɗaliba a bas, a hannun wasu maza,
Ta rasu, aka cika titi, 'yan sanda suka gaza,
Kuma ba mata kaɗai suka yi kuka ba.

Ina ganin samari riƙe da hannun juna,
Abota ce zalla, ba mai nuna su a tituna,
Taushin da suke wa aboki da rana,
Me ya sa bai kai ga mace a bas ba?

Maza biyu nake raino a ɗaki,
Ɗaya na shara, ɗaya na wanki,
Ubansu ne ya koya musu aiki,
Bai taɓa ce musu na mata ne ba.

Ɗalibin Seoul:
Yaya, Allah ya raya miki yara,
Seoul salonta ya sha bamban da saura,
Saurayi zai shafa hoda ya gyara gira,
Hakan bai rage masa mazantaka ba.

Shi ɗin dai gobe zai aske kansa,
Wata 18 bariki ne gidansa,
Doka ce ta ƙasa a kan wuyansa,
Ba a ɗora wa 'yar ajinsu ba.

Abokin ɗakina ya dawo da haushi,
Ya ce 'yan ajinsu duk sun wuce shi,
Ga kuɗin gida ya fi ƙarfin albashi,
Zancen aure bai ko tayar da shi ba.

Su ma matan da nasu ƙorafi,
Albashinsu ya gaza na maza da kusan kashi 30 a lissafi,
Kowa na ganin shi aka fi ƙarfi,
Ba su zauna sun saurari juna ba.

Abin yana ci mini rai, don yaron kirki ne. A 2023 ma'aunin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, a Seoul kuwa 0.55. Gari cike da mutane, amma sai ka yini a jirgi ba ka ji kukan jariri ba.

Mai Aikin Dare:
Duk kun yi maganar abin da namiji ke yi. Ni zan taɓa abin da yake haɗiyewa.

Landan nake, a asibiti nake kwana,
Maza kan iso bayan ciwo ya nuna,
Ka tambayi jiki, ya haɗiye magana,
Bai saba a gan shi cikin rauni ba.

A Ingila, cikin huɗu da suka kashe kansu,
Uku maza ne, haka ƙidaya ta nuna su,
Abokin kallon ƙwallo kam suna da su,
Na faɗa wa damuwa, ba su yi tanadi ba.

Riƙon hannun da Yaya ta ba mu labari,
A nan saurayi zai janye da sauri,
Gudun fassarar mutanen gari,
Kafaɗar jingina kuwa bai samu ba.

Bogota a Kolombiya ta yi dabara,
A ƙarshen 2020 layin waya ta fara,
Calma sunansa, namiji ya kira,
In kishi ya taso, tun bai ɗaga hannu ba.

Tsohon Direba:
Na karɓi gyara a wuri ɗaya, a ɗayan kuma ina nan kan bakana.

'Yata Uwar Biyu, kin faɗi gaskiya,
Kare mutunci ba kulle ƙofa ne ba.

Na yi shekaru ina aika kuɗi gida,
Ran da ɗana ya fara tafiya, ban gani ba.

A waya aka ce mini ya fara kiran Baba,
Na kashe mota na yi kuka, ban gaya wa kowa ba.

Amma ɗana na Stockholm, riƙe wannan,
Uban da ya yi nisa don iyali, bai gudu ba.

Baƙon Sanyi:
Na riƙe, Baba. Allah ya saka.

Baba, na sara wa zufar goshinka,
Da an ba ka kwana 90 a zamaninka,
Da kai ma ka goya, na san halinka,
Dokar garin ce ba ta ba ka dama ba.

Mai Jiran Jirgi:
Akwai abin da ban faɗa muku ba da farko. Matata na da ciki wata bakwai, takardar neman hutu kuma ta yi mako biyu a jakata. Baitin Baba na kuka a mota ne ya hana ni barci jiya.

Yau da safe na shiga wurin shugaba,
Na ajiye takarda, ƙirjina na duka gaba,
Wata uku na nema, ya ɗauka ya duba,
Ya daɗe yana kallo, bai ce a'a ba.

Ya cire tabarau, ya dubi taga,
Ya ce nasa ɗan ya girma kafin ya farga,
Ya danna hatimi, ya ce tafi ka ga
Abin da ni ban tsaya na gani ba.

Uwar Biyu:
Allah ya raba lafiya, ƙanena. Ka sanar da mu ranar da ta sauka.